Samaniyar Lohmerath Kafin Ta Bushe

A matakala ta tara ƙafafun Gereon suka ƙi shi. Ya jingina da bango, ya damƙi kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da siririn bututun da ke kai masa iska hanci. Ni ina gabansa da taki ɗaya, na ba shi baya don ya dogara, silindar iskar tana rataye a wuyana. Ina jin numfashinsa a ƙeyata, yana fita da wani ɗan fito.

"Mu koma sama," na ce.

"Saura nawa?"

"Biyar."

"Sama tara, ƙasa biyar. Ke da kika shekara arba'in kina auna bangon mutane, Hedi, wanne ya fi kusa?"

Ko minti ashirin ba a yi ba da 'yarsa Ulrike ta tsaya a ƙofar ɗakin girki, makullin mota a hannu, ta ce mini, "Gwaggo Hedi, duk abin da ya roƙa ki ba shi. Kofi ne, kek ne, ko sigari ne ma. Ban da matakalar nan." Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki hawa da sauka ba. Na dubi idon yarinyar nan na ce mata to. Ta tafi cike takardun gidan jinya, irin wanda ake kai mutum idan likitoci sun gama nasu. Motarta tana shan kwana tsohon ya yaye bargo ya fara lalubar takalminsa da ƙafa.

Muka sauka biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya, muna hutawa a kowace. Na zaunar da shi a kujerar da ke gaban teburin, na ajiye silindar kusa da ƙafarsa. Leɓɓansa sun sauya, sun yi shuɗi-shuɗi. Ni mai fenti ce, launi ba ya ɓoye mini, kuma wannan launin ya ba ni tsoro.

Gereon Dahmen maƙwabcina ne shekara ashirin da biyu, shinge ɗaya tsakaninmu. Shi ne mai raba wasiƙu na tsohuwar Lohmerath, ƙauyen da ramin haƙar kwal ya haɗiye shekara talatin da biyar da suka wuce. Ni ban taɓa ganin ƙauyen ba, a sabon garin da aka gina musu na same su. Kafin a rushe, Gereon ya bi gida-gida da awo da littafi, ya auna kowace taga da kowace ƙofa. Da suka tare a nan ya sauka ɗakin da ke ƙarƙashin gidansa ya fara mayar da garin a ƙanƙance: tebur mai tsawon mita shida jingine da bango, a kansa coci, tasha, gidan burodi, mashaya, gonakin dankali, gidaje arba'in da uku, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Layin dogo ya zagaye su. Har shi kansa yana ciki, ɗan mutum kamar ƙwayar wake, da keke da jakar wasiƙu a ƙofar gida mai lamba shida.

A bayan wannan duka kuwa allo ne fari fat, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Masu wannan wasan na ƙananan jiragen ƙasa suna da ƙa'ida, ko sabon shiga ya san ta: samaniya ake fara yi wa fenti, kafin a dasa ko itace ɗaya. In ka gina gari tukuna, hannunka ba zai ƙara kai wa bango ba sai ka taka rufin wani. Abokansa na ƙungiya sun yi ta yi masa tsiya shekara da shekaru, suna cewa mutanen Lohmerath a cikin firji suke zaune. Shi dai sai ya ce ana nan, ana nan. Sai ranar Litinin ɗin nan, da aka sa masa Alhamis ranar tafiya gidan jinya, ya aika Ulrike ta kira ni bakin gadonsa.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Gereon," na ce masa.

"Shi ya sa na kira ki Litinin."

Na kafa tsani biyu, ɗaya a kowane gefen teburin, na gitta falanki a kansu, taƙi ɗaya sama da hasumiyar cocin. Ranar Talata na kwanta rub da ciki a kan falankin nan, ni da shekara sittin da takwas da gwiwa mai ciwo da kilo tamanin da ɗoriya, na yi masa samaniya. Shuɗi mai ƙarfi a sama, yana sassautowa har ya kusa zama fari a inda ya taɓa gonaki, ga 'yan gajimare da na buga da soso. Ba yabon kai ba, ta yi kyau. Ulrike ta ɗauki hoto a waya ta kai masa. Ya duba, ya mayar mata, ya juya fuska bango.

Yanzu ga shi Laraba, yana zaune a gabanta, yana kallo. Na jira har numfashinsa ya ɗan daidaita.

"To, gani ya kori ji," na ce. "Waya ƙarya take yi wa launi. Ka gan ta da idonka. Mu tafi."

"Samaniyar kalanda ce."

"Me ka ce?"

"Irin wadda kantin magani ke rabawa a ƙarshen shekara. Ba tamu ba ce." Ya ja iska. "Tashar lantarki mai ƙona kwal ɗin tana gabas da mu. Manyan bututun nan nata dare da rana suna aman tururi. Ban taɓa ganin shuɗi irin wannan a kan Lohmerath ba, ko ranar aurena."

"To wane launi ne?"

"Kin san ruwan da aka dafa dankali a ciki? Shi. A ƙasa-ƙasa kuma, wajen gonaki, da ɗan rawaya kamar tsohuwar jarida. Sannan tururin ya taso ta bayan coci, ya karkata hagu."

Raina ya ɓaci. Yini guda na yi a kan katakon nan, haƙarƙarina har yanzu yana gaya mini. "Wato abin da ya cinye muku gari, shi kake so in rataya maka a kansa?"

"Ina so, ba na so, a ƙarƙashinsa aka haife ni." Ya nuna wani kwali a ƙarƙashin tebur da haɓa. Na jawo. Guntayen allo ne cike, sun fi hamsin, kowanne da nasa toka-tokar, wasu da kwanan wata a baya tun Ulrike tana makaranta. "Kowa ya ɗauki hoton ƙofar gidansa kafin a rushe," ya ce. "Ba wanda ya ɗaga kai. Ni ma ban ɗaga ba. Tagogi nake aunawa."

Na dubi agogo. Biyu da kwata. Ulrike ta ce sai huɗu. Na san abin da mai hankali zai yi, ya kira maƙwabta biyu ƙarfafa su ɗauki tsohon nan da kujerarsa su mayar da shi gado. Na buɗe gwangwanin farin fenti.

Fentin ruwa ba ya jira. In kana son launi ya narke cikin launi ba tare da layi ba, dole ka haɗa su suna jiƙe, kuma a ɗakin da tukunyar ɗumama gida take, minti goma sha biyar kake da shi, in ka yi sa'a. Na haɗa bokiti uku: toka mai ƙarfi, toka mai haske, da mai rawaya. Na hau tsani, na rarrafa kan falankin, ya yi ƙara a ƙarƙashina. Kwalbar feshin ruwa a hannun hagu, burushi mai faɗi a dama, na fara daga kusurwar hagu ina shafe shuɗin jiya.

"Ɗaga gwiwar hannunki, za ki fille wa coci kai."

"In ka iya, zo ka hau."

"Shekara biyu na yi ina aikin hasumiyar nan."

"To yi mini shiru in ba ka son ta zama bene ɗaya."

Wani ɗigo ya kuɓuce ya faɗa kan rufin tasha. Na daskare. Ya ce in bar shi, tattabaru sun fi ni ɓarna a can. Ya so ya yi dariya, tari ya karɓe ta, ya daɗe bai sake shi ba. Ina kwance a sama ban isa in juyo da sauri ba, sai sauraro nake, burushi yana tafiya, ina ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin numfashi da numfashi.

Na kai rabin bango na tsaya. "To?"

Ya daɗe yana kallo. "Kusa. Amma ya yi haske. Ƙara masa duhu."

"Haka ake yi. Fentin nan in ya bushe yana ƙara duhu. Da gangan na rage. Gobe da safe zai zauna daidai inda kake so."

"Gobe da safe."

"E. Ka bar wa mai sana'a sana'arta."

"Ƙarfe tara motar gidan jinya za ta zo, Hedi. Kuma a bayanki na sauko, kin ji yadda aka yi. Kina ganin akwai ta biyu?"

Na kifa goshina a kan falankin. Shekara arba'in ban taɓa miƙa aikin da na san zai lalace ba. Maigidan da ya koya mini sana'a yakan bugi hannuna da sandar gauraya in na yanke wa launi hukunci yana jiƙe. "In na ƙara baƙi yanzu," na ce, "ko rabin awa ba zai yi yana daidai ba. Daga nan sai ya yi ta rufewa. Gobe kamar hadari zai zama, kuma haka zai zauna har abada."

"Har abadan wa?"

Sai muka ji ƙofar gida ta buɗe a sama. Takun takalmi a kan kawunanmu, zuwa ɗakinsa, sannan shiru. "Baba?" Takun ya dawo da gudu. Ashe Ulrike ce, wata takarda ta manta a kan firji.

Ban taɓa ganin mutum ya sauko matakala goma sha huɗu da saurin nan ba. Ta durƙusa gabansa, ta taɓa wuyansa, ta duba allurar silindar. Ta ciro waya ta kira motar asibiti, ta faɗi adireshi da murya a daidaice kamar mai karanta labarai. Sai da ta kashe wayar sannan ta ɗago ta dube ni a kan katakona.

"Abu ɗaya na roƙe ki. Ɗaya tak."

"Na sani."

"Kin sani! Tun ina budurwa nake cin kek a ɗakin girkinki. Na bar miki ubana awa biyu, kin jawo shi rami don ki yi wasan fenti. In wani abu ya same shi a nan, wallahi ke ce."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna ƙuna. Amma idona yana kan bango, inda bakin fentin ya fara rasa ƙyallinsa. Minti uku ko huɗu, layi zai fito a tsakiyar samaniya, daga sama har ƙasa, wanda ba burushin da zai ɓoye shi.

"Minti nawa suka ce?" na tambaya.

"Ashirin. Sauko daga nan."

"Uli," in ji Gereon. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da ta sunkuya. "Bar faɗan tukuna. Juya ki duba mini. Idona ya fara yi mini wasa."

"Baba, ba ruwana da wani bango."

"Duba dai."

Ta juya don ta rabu da shi, hannunta ɗaya yana riƙe da nasa. Shekararta goma sha ɗaya lokacin da suka bar ƙauyen. Na ga ta buɗe baki za ta ci gaba da faɗa, sai ta rufe. Ta dubi rabin da na yi, ta dubi rabin shuɗin, ta sake dawowa.

"Bai kai ba," ta ce, kamar ba da mu take ba. "Ya fi haka duhu. Musamman ta wajen tasha. Mama takan kwashe shanya tana zagi."

"Kin ji ko," in ji tsohon.

Na miƙa mata kwalbar feshin daga sama. "Ki tsine mini anjima, na cancanta. Yanzu hau wancan tsanin ki riƙa jiƙa mini gaba, kada ki bari ya bushe."

Ta tsaya tana kallon kwalbar. Sannan ta saki hannun ubanta a hankali, ta ɗora masa shi a cinya, ta cire takalmanta masu tsini, ta hau.

Na jawo ƙaramin gwangwanin baƙi daga aljihun rigar aiki. Hannuna ya yi gardama, Allah ya sani, sai da na tilasta shi. Na zuba, na gauraya, na shafa.

"Ƙara," in ji Gereon.

Na ƙara.

"Kaɗan kuma."

"Gereon, wannan gobe dare ne."

"Ƙara, mace."

Muka bi bangon, Ulrike tana fesawa tana kuka ba sauti, ruwan yana gangaro mata har gwiwar hannu, ni ina jan jiki a kan falanki ina bin ta da burushi, hagu da dama, hagu da dama. Na koma kan rabin farko na rufe shi da sabon haɗin. Rawayan ya shiga ta ƙasa. Da na iso bayan coci na ajiye burushi, na tsoma soso a fari, na murza shi daga bayan hasumiyar zuwa sama.

"Hagu," suka ce su biyu a tare.

Na karkata shi hagu. Ina shirin ƙara wani shafi sai na ji ya ce, "Nan. Tsaya nan. Ɗauke hannunki."

Na ɗauke. Na ja da baya, na sauko, na je na tsaya a bayan kujerarsa, na rage tsawo har idona ya zo daidai da nasa. Samaniya ce mara kyau, mai nauyi, irin wadda ba wanda zai saya. Amma garin ya zauna a ƙarƙashinta yadda bai taɓa zama a gaban farin allo ba, jan bulon gidajen ya fito, har na ji kamar in ɗaga kwalar rigata.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.

"Uku saura biyar."

"Jirgin uku da minti biyu yana hanya. Uli, murɗa."

Ta san maɓallin. Ɗan jirgin ja mai tarago biyu ya fito daga bayan gonaki, ya wuce mashaya, ya rage gudu, ya tsaya a tasha. Gereon bai kalli jirgin ba. Kansa yana jingine da kujera, idonsa a sama.

Ma'aikatan motar asibiti su biyu ne, wata mace da wani ƙato. Suka duba shi, suka dubi juna. Ƙaton ya tambaya wa ya sauko da shi nan, na ce ni ce, ya dube ni yadda na cancanta. Suka ɗaure shi a kujerarsu ta ɗauka. Gereon ya kama hannun rigar matar ya ce su hau da shi da baya, fuskarsa tana kallon ɗaki. Ta ce dama haka ake hawa. A matakala ta biyar bangon ya ɓace masa, na ga ya sauke kai.

Bai kai gidan jinyar ba. A asibiti ya cika, ranar Juma'a da hantsi, Ulrike tana gefensa. Likitan ya gaya mata wai da bai sauka ba, da wataƙila ya ƙara mako ɗaya, wataƙila biyu. Ita ta faɗa mini wannan, a bakin shinge, ba ta ƙara komai a kai ba, ta shige gida. A wurin jana'iza ta karɓi hannuna kamar yadda ta karɓi na kowa. Ban yi barcin kirki ba a kwanakin nan. Mako biyu na ran mutum ba abin wasa ba ne, kuma ba nawa ba ne da zan kashe a kan bango. Har yau ina jin nauyin hannunsa a kafaɗata in ina sauka matakala.

Kwana goma bayan an binne shi Ulrike ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da rana.

"Gwaggo Hedi, tsaninki da falankinki suna nan."

Muka sauka tare, ita a gaba. Ta kunna fitilar ɗaki. Yadda na faɗa haka ya zama, har ya zarce. Tokar ta rufe ta yi baƙi-baƙi, rawayan ƙasan ya koma kamar tsatsa, tururin bayan coci ne kaɗai ya rage da haske. Duk wanda ya gani zai ce yanzun nan za a kece da ruwa. Ba samaniyar da ya ce in tsaya a kanta ba ce. Waccan mu uku muka gan ta, ta kuma tafi tun kafin motar asibitin ta kai babban titi.

"Ana iya gyarawa?" ta tambaya.

"Yini ɗaya ne. Na riƙe haɗin a kaina. In rage baƙin, ya bushe ya dawo daidai yadda ya gan shi."

Ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba. Ta tsaya tana kallo, hannuwa a cikin aljihun rigar sanyin ubanta da ta saka. Ni ma ban matsa ba. Na sauke falankin a hankali, na wuce da shi ta saman hasumiyar ba tare da ya taɓa ba, na jingine shi, na fara naɗe tsani.

Da na juyo ta durƙusa, tana lalube a ƙarƙashin teburin. Wani abu ya yi ƙas. Tagogin Lohmerath suka haskaka, gida arba'in da uku, da gidan burodi, da fitila ɗaya a bakin tasha. A ƙofar gida mai lamba shida hasken ya sauka a kan ɗan mutumin da kekensa.

Ulrike ta jawo kujerar ta zauna. Na ajiye tsanin, na tsaya a bayanta.